Abin da Faifan Ajiya na Biyu Ya Koya Mini a Teburin Gyara

A shagon gyaran kwamfuta da nake aiki a Yelwa, cikin garin Bauchi, aikin da ya fi zuwa da tashin hankali shi ne na faifan ajiya na biyu wanda kwamfuta ta daina gani. Idan faifan farko ne ya samu matsala, wato wanda Windows yake kai, mai kaya yakan yi tsaki ne kawai ya tambayi kuɗin gyara, domin ya san za a sa masa wani Windows ɗin ya ci gaba da harkarsa. Na biyun kuwa nan ne mutane ke tara abin da suke ji da shi. Masu shagon buga takardu da ke kewayen Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa suna ajiye kundayen binciken ɗalibai a can, masu ɗaukar bidiyon biki suna zuba aikin da ba su riga sun miƙa ba, 'yan kasuwa kuma lissafinsu na shekara da shekaru. An daɗe ana gaya musu su riƙa ajiya a D, wato faifai na biyu, domin C, na farkon, shi ne ke lalacewa, shawarar kuma tana da gaskiyarta, sai dai ba a ƙara musu da cewa shi ma D ɗin inji ne mai juyawa, yana tsufa, kuma wuta ɗaya yake sha da ɗan'uwansa.

Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne cewa gyara faifai daban, ceto abin da ke cikinsa daban, kuma sau da yawa matakin da zai sa faifan ya koma aiki shi ne zai hallaka bayanan. Kayan aikin da Windows ke miƙo wa mutum a irin wannan hali kusan duk na gyaran faifai ne, alhali mai kaya ba faifan ne damuwarsa ba, tun da ana sayar da irinsa a kasuwa. Saboda haka ƙa'idar da muke bi ita ce kada a rubuta komai a kan faifan da ke ciwo, ko da harafi ɗaya ne, sai an san abin da ke damunsa.

Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, tambaya ake fara yi. Idan na ce, "Alhaji, me ya faru kafin ya ɓace?" amsar kusan kullum ita ce, "Wallahi, Injiniya, babu abin da aka taɓa." Ba ƙarya yake yi ba, bai dai san abin da ya kamata ya lissafa ba, don haka sai an bi masa ɗaya bayan ɗaya: ko an ɗauke wuta ana cikin kwafa, ko an tayar da janareta kwamfutar na jone, ko an sake Windows kwanan nan, ko an ɗauko ta a bayan Keke Napep daga wani shago zuwa wani, ko wani ya riga ya gwada gyarawa. Tambaya ta ƙarshen nan ta fi sauran muhimmanci, ita ce kuma mutane suka fi jin nauyin amsawa.

Daga nan sai a nemi matakin da kwamfutar ta rasa faifan, ana farawa daga ƙasa. Da farko a ɗora tafin hannu a kansa lokacin kunna kwamfuta, a kuma kanga kunne. Lafiyayyen faifai yakan tashi da wata 'yar rawa mai laushi, ya yi ɗan ƙas-ƙas na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya daidaita. Idan shiru ne sam, to maganar wuta ce tukuna. Babban faifai mai inci 3.5 yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 12 da mai bolt 5 gaba ɗaya, ƙaramin na laftof mai inci 2.5 kuwa bolt 5 ya ishe shi, shi ya sa wanda ya jona babban faifai da ƙaramar wayar USB marar caja ta kanta zai rantse faifan ya mutu alhali yunwa ce kawai. Faifan SATA, wato irin wanda ake jonawa da kebul a cikin kwamfuta, yana da baki biyu, na wuta mai ƙarafa 15 da na saƙo mai ƙarafa 7, kuma a garin nan, musamman bayan hunturu, idan aka buɗe kwamfutar da ta shekara a ƙarƙashin teburi za a tarar da ƙura ja-ja ta yi kafet a kan bod, wato babban allon da kayan kwamfuta ke jone a kai, ta cushe bakunan nan har kebul ɗin ya yi sako-sako. Ayyuka da dama sun ƙare a nan, da buroshi da sabon kebul da sauya rami a kan bod. Akwai ma wani abu da ke rikita masu sababbin kwamfutoci, wato a wasu bod ɗin idan aka sa faifan M.2, ɗan siririn da ake maƙalawa kai tsaye a kan bod, don ƙara sauri, ɗaya ko biyu daga ramukan SATA sukan daina aiki, abin kuma yana rubuce a littafin bod ɗin da babu mai karantawa. Bayan duk wannan sai a shiga BIOS, wato shafin saitin da kwamfuta ke da shi tun kafin Windows ya tashi, a duba ko sunan faifan da girmansa sun fito daidai, domin abin da BIOS bai gani ba, da wuya wata manhaja ta gan shi a cikin Windows.

Idan kuwa abin da kunne ya ji shi ne ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere, faifan ya tashi ya tsaya ya sake tashi, to a kashe nan take. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da allurar karatu da ke shawagi a kansa da tazarar da ba ta kai ƙwayar ƙura ba, ko kusa. Allurar da ta lalace tana iya kartar farantin, kuma wurin da ta karta ya tafi ke nan. Masu cewa a sa shi a firiza ya kwana, ko a buɗe murfin a tura allurar da yatsa, suna ƙara wa mai kaya asara ne, domin sanyin yana tara raɓa a ciki, buɗewar kuma tana shigar da ƙura inda ba a son ko ɗigo. Wannan aiki ne na masu ɗaki na musamman mai tace iska, da kuɗi mai nauyi, kuma a ganina gara mai gyara ya faɗi haka tun farko ya rasa cinikin, da ya yi ta kunnawa yana fatan sa'a da kayan wani.

Inda aikin ya fi buƙatar natsuwa shi ne lokacin da BIOS ya ga faifan amma bai fito a cikin Windows ba. A nan Disk Management ake buɗewa, wato shafin Windows da ke jero faifai da rabonsu, kuma abin da ya nuna shi ne ke faɗin hanyar da za a bi. Wani lokaci faifan lafiya lau yake, harafi ne kawai ba shi da shi, a ba shi E ko F komai ya dawo. Wani lokaci an rubuta Offline, abin da kan faru idan an kwafi faifai sukutum zuwa wani sannan aka jona su tare, sai Windows ya ga lambar shaida iri ɗaya a wuri biyu ya ajiye ɗaya a gefe. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu haɗarin su ne Not Initialized da Unallocated da RAW, domin a kowanne Windows yakan fito da tayi mai kama da taimako, ya ce a shirya faifan ko a yi masa fomat kafin a iya amfani da shi, kuma hannun mai gaggawa yakan danna amincewa kafin ido ya gama karantawa.

Abin da ke faruwa a ciki yana kama da babban sito wanda buhunan ke nan jibge a wurarensu, littafin da ke faɗin na wane ne a wane lungu shi ne ya yage. A tsohon tsarin raba faifai mai suna MBR, jadawalin rabon yana cikin gurbin farko, wato ɗan yankin ajiya na farko a kan faifan, mai bait 512, don haka ɗauke wuta a mugun lokaci ko gurbi ɗaya da ya lalace ya isa ya sa terabait biyu su bayyana kamar fanko. Sabon tsarin GPT yana ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen faifai, shi ma tsarin NTFS, wanda Windows ke jera fayiloli da shi, yana da kwafin gurbinsa na farko a ƙarshen fatishan, wato kason da aka ware masa a faifan, kuma da waɗannan kwafe-kwafen ne ake dawo da abin da ya ɓace. Fomat mai sauri yakan rubuta sabon littafi a kan tsohon ya bar yawancin bayanan, amma cikakken fomat, tun daga Windows Vista, yana bin faifan yana rubuta sifili daga farko har ƙarshe, bayansa kuma babu sauran magana.

Akwai umarnin chkdsk da kowa ke gudu ya buga, ni kuwa ina ɗari-ɗari da shi a wannan mataki. Aikinsa shi ne ya daidaita tsarin fayiloli ko ta halin ƙaƙa, idan ya tarar da abin da bai gane ba yakan yanke shi ya tara a wata folda mai suna FOUND.000 da sunaye marasa ma'ana, sannan yana wahalar da faifan da dama numfashinsa ya yi ƙasa. Abin da ya dace a fara yi shi ne a karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa da kansa, wanda ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan akwai gargaɗi, ja idan abu ya ɓaci. Layi biyu nake fara dubawa, 05 mai ƙirga guraben da suka mutu aka maye gurbinsu, da C5 mai ƙirga waɗanda faifan ya kasa karantawa yana jiran hukunci a kansu. Idan lambobin nan suna hawa, ba a gyara a kan wannan faifan.

Wani mai ɗaukar bidiyon biki ya taɓa kawo irin wannan, faifai mai terabait 2 yana nuna RAW, rahoton SMART rawaya, ga dangin amarya suna ta kiransa a waya. Da na ce sai ya kawo wani faifan mai girman wannan ko wanda ya fi shi kafin a fara, sai ransa ya ɓaci, ya ce, "Haba Injiniya, gyara na kawo, ba sayayya na zo yi ba." Sai da na juya masa allon ya ga lambar C5 da idonsa, na bayyana masa cewa kowane karatu yana rage wa faifan kwana, sannan ya amince. Aka tayar da kwamfutar daga filash da Linux maimakon Windows, aka sa manhajar GNU ddrescue ta kwashe faifan gurbi-gurbi zuwa sabon. Hikimar wannan manhaja ita ce tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake masu taurin kai, sai daga baya ta komo musu, kuma tana rubuta taswirar inda ta tsaya. A garin da za a iya ɗauke wuta aiki yana tsakiya, taswirar nan ba ƙaramin abu ba ce, domin idan wuta ta dawo ana ɗorawa ne daga inda aka kwana, ba a sake wahalar da faifan daga farko. Sai da aka gama, aka cire tsohon aka ajiye, sannan aka sa manhajar TestDisk a kan kwafin, ya nemo kwafin gurbin farko na NTFS ya mayar. Foldoji suka fito da sunayensu, in ban da wasu 'yan bidiyo da suka faɗa kan matattun gurabe, waɗanda suke tsinkewa a tsakiya. Da hakan bai yiwu ba, da sai a koma ga PhotoRec, wanda ke tsinto fayiloli ta hanyar gane irinsu, amma yakan dawo da su ba suna ba folda, mai kaya ya yi kwanaki yana tantancewa.

Ba kowane faifan da ya ƙi buɗewa ne ke ciwo ba. Bayan an sake Windows, faifai na biyu yakan fito da harafinsa amma ya ce an hana shiga, dalilin kuwa shi ne NTFS ba da suna yake gane mai fayil ba, da wata doguwar lambar shaida ce, sabon asusu kuma sabuwar lamba gare shi ko da sunan bai canza ba. Mai ikon gudanar da kwamfutar zai iya karɓe mallakar foldojin ta shafin Security, abin ya wuce. Wanda ba ya wucewa shi ne faifan da aka kulle da BitLocker, makullin sirri na Windows, domin idan babu kalmar sirri, sai lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda sau da yawa take ajiye a asusun Microsoft na wanda ya saita kwamfutar. Idan ita ma ta ɓace, babu dabarar da mai gyara zai yi. Haka nan faifan SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, ba ya ƙara ba ya gargaɗin da kunne zai ji, kuma abin da aka goge a kansa yakan tafi da wuri saboda umarnin TRIM da ke share guraben da aka saki.

Idan bayanai suka dawo, mai kayan ne ya kamata ya zauna ya buɗe fayilolinsa ya tabbatar, mai gyara ya tsaya ga duba girma da adadi, domin a faifan mutum akwai hotunan iyalinsa da takardun da bai kawo don a karanta ba. Tsohon faifan kuma mukan rubuta masa kwanan wata da alƙalami a jiki mu mayar wa mai shi, tare da bayanin cewa ko da ya karɓi fomat ya koma kamar sabo, guraben da suka fara mutuwa ba sa warkewa. Wasu sukan ji su ajiye shi a durowa har sai sun gamsu da kwafin, wasu kuma sukan kai shi kasuwa, inda ake goge shi a sayar wa wani a matsayin faifai na biyu mai araha.