Abin da fassarar labarai ta koya min game da kalmomin ƙarewa a Turanci

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai na gidan rediyo ya san yadda abin yake, labari zai shigo da Turanci saura minti ashirin a shiga situdiyo, edita na tsaye a kanka, kai kuma dole ka juya shi zuwa Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane ba sai ta tambayi jikanta ba. A cikin wannan gaggawar akwai wasu kalmomi da hannu ke saurin rubuta musu "ya ƙare" kawai a wuce wajen, irin su exhaust da deplete da drain da use up da run out da empty. Ƙamus ma ba wani taimako yake yi sosai ba, ka duba ɗaya ya turo ka wajen ɗaya, waccan ma ta dawo da kai inda ka fito. Amma gaskiya aikin nan ya koya min cewa ba ɗaya ba ne, kuma sau da yawa bambancin nasu shi ne labarin gaba ɗaya.

Tambayar da nake fara yi wa kaina yanzu ita ce, abin nan akwai saura ko babu? Idan Bature ya ce exhaust, to an yi ƙarƙaf, babu ko ƙyas. Shi ya sa saƙon da kamfanin waya ke turo maka idan datarka ta tafi yakan zo da exhausted, ba sauran abin da za ka buɗe. Amma deplete raguwa ce mai tsanani, abu ya ja baya sosai har ya fara ba da tsoro, sai dai yana nan. Idan rahoto ya ce asusun ajiyar ƙasa na kuɗin waje ya zama depleted, kai kuma ka shiga iska ka ce "kuɗin ajiyar ƙasa sun ƙare", wallahi ka tayar wa mutane da hankali a banza, ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana jinka zai fara lissafin yadda dala za ta kwana. Abin da aka faɗa shi ne asusun ya rame, an ci shi sosai, ba wai an yashe shi tas ba.

Inda na fi ganin wannan a fili shi ne maganar ozon, wannan rufin iskar da ke sararin sama mai tare mana wani nau'in hasken rana mai cutarwa. Turawa suna cewa ozone depletion, ba su taɓa cewa ya ƙare ba, sirancewa ya yi saboda sinadaran da a da ake sawa a firji da na'urar sanyaya ɗaki. Da ƙarewa ya yi ai da babu amfanin yarjejeniyar Montreal ta 1987 da ƙasashe suka sa wa hannu don a daina ƙera waɗannan sinadaran. Saboda akwai saura ne ake maganar farfaɗowa, har rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ce a yawancin duniya zai koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2040. Haka ma depleted uranium, mu da muke da Arlit a Nijar inda ake haƙar yuraniyom tun 1971 ya kamata mu gane wannan. Ba yuraniyom ɗin da ya ƙare ba ne, ƙarfe ne mai nauyin gaske yana nan a hannu, kawai an tsame masa yawancin sashen nan da ake buƙata wajen makamashin nukiliya, wanda a asali bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba. Da shi aka yi harsasan fasa tankokin yaƙi a yaƙin Tekun Fasha na 1991. To ka ga idan ka ce "wanda ya ƙare" mai sauraro zai ɗauka ba komai ba ne.

Exhaust ɗin kuma tana da wata fuskar da ta fi ba ni sha'awa, a kotu. Lauyoyi suna cewa sai ka yi exhausting na hanyoyin shari'ar cikin gida kafin ka kai ƙara kotun waje, wato ka bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga ƙaramar kotu har ƙoli, babu ƙofar da ba ka ƙwanƙwasa ba. A nan ba wani abu aka cinye ba, hanyoyi ne aka bi har suka tuƙe. Kotun ECOWAS da ke Abuja ita ba ta sa wannan sharaɗin, kuma hakan ya fito a shari'ar Hadijatou Mani da gwamnatin Nijar a 2008, matar da aka sayar tana yarinya, gwamnati ta ce ai ba ta gama da kotunan gida ba, kotun ta ce wannan ba zai hana a saurare ta ba, kuma ta yi nasara. Duk mai fassara irin wannan labarin in bai riƙe ma'anar kalmar nan da kyau ba, ya zubar da zuciyar shari'ar. Kuma dai kalmar ce makaniki ke nufi da bututun hayaƙin mota da muke ce wa salansa, ita ce kuma ta mutumin da ya gaji tiɓis. Duk wuri ɗaya suke komawa, an fitar da abin da ke ciki har babu saura.

Drain ita ba ruwanta da ko akwai saura, abin da ta damu da shi shi ne yadda abin ke tafiya. A hankali, ta wata kafa, kamar randa mai tsaguwa da ka cika da daddare ka tashi da safe ka tarar ta yi rabi ba wanda ya ɗiba. Asalinta maganar ruwa ce, tsiyayewa, tsanewa, shi ya sa magudanar ruwa ma daga ita aka samo sunanta a Turanci. Manhajar da ke draining ɗin batirin waya zuƙe shi take yi kana ji kana gani. Brain drain kuwa, likitocinmu da malaman jami'a da ke ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada, ba rana ɗaya suka tashi suka tafi ba, yau ɗaya gobe biyu, sai an wayi gari a ga asibiti babu mai duba marasa lafiya da daddare. Ni dai idan na haɗu da ita nakan nemi kalma mai ɗauke da wannan tafiyar ta sannu, zurarewa ko tsiyayewa ko tsotsewa, don "ƙarewa" tana kashe mata wannan motsin.

Abin da ya fi sauƙaƙa min rayuwa kuwa shi ne ranar da na lura cewa wannan up ɗin da Turawa suke maƙalawa a bayan aikatau mu ma muna da shi, kawai namu a cikin kalmar yake. Ci da cinye. Sha da shanye. Saya da saye. Ƙona da ƙone. Eat shi ne ci, eat up cinyewa, drink up shanyewa, buy up ka saye kayan kasuwa kaf, rijiya ta yi dry up ta ƙafe kenan. Saboda haka use amfani ne kawai, use up kuma amfani har a ga bayan abu. Ɗalibai da yawa suna haddace waɗannan kamar wasu baƙin abubuwa alhali tun suna yara suke cewa "wa ya shanye min kunu". Duk wanda na koya wa aiki ta nan nake fara masa, kuma nan take zaka ga fuskarsa ta washe.

Run out ba ta nuna wanda ya yi, abu ne kawai ya yanke. Magani ya yanke a asibiti, mai ya ƙare a janareta, lokaci ya ƙure. Wannan ma yana da muhimmanci a labari fa, don idan jami'i ya ce magani ya yi run out bai ɗora wa kowa laifi ba, amma idan aka ce an yi use up ɗinsa akwai hannun da ya taɓa, idan kuma aka ce squander to zargi ne kai tsaye na almubazzaranci. Bai kamata mai fassara ya ƙara zargin da ba a yi ba, bai kuma kamata ya goge wanda aka yi ba.

Sai tambaya ta biyu, mazubin ake magana ko abin da ke cikinsa? Empty ta fi kallon mazubi, ka zazzage buhu, ka juye bokiti, ka bar ɗaki wayam, kuma abin da aka fitar bai lalace ba, wuri kawai ya sauya. Hatsin da aka juye daga rumbu zuwa mota yana nan, rumbun ne ya zama fanko. Evacuate kuma kwashe mutane ne daga haɗari, kamar lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, mutane aka kwashe don a tsirar da ransu. Vacate daban, tashi ne daga wuri, yawanci da takarda ko umarni, mai gida ya ba ɗan haya notis, ko kotu ta ce wane ya sauka daga kujera. Idan kuma kotu ta yi vacating ɗin wani umarni nata, janye shi ta yi, ba wanda ya tashi daga ko'ina. Mutanen da ruwa ya ci gidajensu ba korarsu aka yi ba, kuma ba daidai ba ne labari ya sa su ji kamar an kore su.

Har yanzu akwai ranakun da lokaci ke ƙurewa dole a rubuta abin da ya fi kusa a shiga iska. Amma in dai da sauran minti biyu, nakan tsaya in karanta jimlar da ke gaba da wadda ke baya, don yawanci a nan ake ganin adadin da ya rage, ko wanda ya ɗiba, ko tsawon lokacin da abin ya ɗauka yana zurarewa, daga nan sai in zaɓi tsakanin ƙarewa da raguwa da ƙafewa da yankewa da yashewa.