Gidan gilashi na Sefton Park

Daga Landan zuwa Liverpool tafiyar awa biyu da 'yan mintuna ce a jirgin ƙasa. Da na sauka a tashar Lime Street sai na nufi tashar Central na kama ƙaramin jirgi zuwa St Michaels, daga nan na taka ta Lark Lane har cikin lambun Sefton Park, ana yayyafi, sanyi na ratsa ƙashi.

Tun daga nesa ake hango ginin, gidan gilashin da ake renon tsirrai a ciki: ƙubba hawa uku, kusurwa takwas, ƙarfe da gilashi zalla a kan tushen jan dutse. Ina tura ƙofa ɗumi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa suka tarye ni kamar tsakiyar damina. Ga itatuwa dangin dabino da kwakwa sun miƙe har kusa da rufi, ga ganyen ayaba.

Wani attajiri, Henry Yates Thompson, shi ya ba birnin kyautar ginin, aka buɗe shi a 1896. A zamanin Sarauniya Victoria gilashi ya yi araha bayan soke harajinsa a 1845, shi ya sa biranen Birtaniya suka yi ta gina irinsa, leburan masana'anta ma ya samu ya ga tsirran ƙasashen zafi da idonsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wahalar da ginin ya sha. A 1941 bam ɗin Jamusawa ya faɗi kusa, gilasan suka tarwatse. An mayar da su a 1950, amma danshin da tsirrai ke rayuwa da shi, shi ne kuma ke cin ƙarfe. Tsatsa ta yi ta aikinta har aka rufe wurin a shekarun 1980 don gudun haɗari.

Mutanen unguwa ne suka ce ba za ta saɓu ba. A 1992 suka tashi da fafutukar ceto shi, suna karɓar gudummawa, kowa ya biya kuɗin gilashi gwargwadon ƙarfinsa. Kuɗi masu kauri sun zo daga baya, daga asusun kayan tarihi na cacar ƙasa da Tarayyar Turai, aka kashe fam miliyan 3.5, aka sake buɗewa a Satumba 2001. A ganina, ba don waɗannan maƙwabta ba da tuni an rushe shi.

Yanzu ana bukukuwan aure da kiɗe-kiɗe a ciki, kuɗin na tafiya wajen kula da ginin. Mai niyyar zuwa ya fara bincikawa, don ranar biki akan rufe wa baƙi ƙofa.