Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Gidan Baƙi a Kansas

A makon jiya na bar ku a garin Topeka, mu Kiristoci 'yan Menonait da muka baro Rasha, mu da kayanmu jibge cikin wata tsohuwar ma'aikata, mazanmu sun tafi duba ƙasa. To, sun dawo, ciniki ya faɗa tsakaninsu da kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe, kuma a watan Oktoba na 1874 muka ɗaura kaya a kekunan shanu daga Newton muka miƙi arewa, tafiyar wajen mil 15.

Ku da kuka tashi kuka tarar da inuwa ba za ku gane ba. Ƙauyenmu na Alexanderwohl a Molochna, can kudancin Rasha, iyayenmu ne suka kafa shi bayan sun baro Furusiya a 1820, kuma kafin a haife ni lambuna sun kankama, itatuwa sun jeru gefen titi. Nan kuwa fili ne fetal, ko inda za ka ɗaure akuya babu, sai sama, sai iska da ba ta hutawa. Ga shi fara ta riga mu isowa. A watan Yuli da Agusta ta sauka kamar hadari ta cinye komai. Na ga gonar masara da ba abin da ya rage sai kara tsirara. Wata Ba'amurkiya da muka sayi saniya a hannunta ta ja ni lambunta ta nuna min ramuka a jere: albasa ce aka cinye har ƙasa, aka bar gurbinta. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Su suna haɗa kaya za su koma gabas, mu muna kwance namu, tana kallona kamar wadda ta ga mahaukaciya.

Kamfanin ya cika alkawari, ya gina mana dogayen gidaje biyu na katako, kowanne tsawonsa wajen ƙafa 200, faɗinsa ƙafa 18. Kowane iyali ya shata wurinsa da akwatunan kaya, ya rataya bargo a madadin bango. Tarin maƙwabci, raɗar miji da mata, kukan jinjiri, ba abin da ke ɓuya. Maigida ya buga ƙusa ya rataya agogon bangon da muka ɗauko tun daga Rasha, wai ko ba komai a san akwai gida a nan. Ni kuma na buɗe buhun tweebak na ƙarshe. Burodinmu ne mai hawa biyu, ƙaramin curi bisa babba. Mun gasa shi har ya bushe ƙayau kafin mu taso, shi ya ratsa teku da mu. Sai an tsoma shi a ruwan zafi yake tauno.

Autata tana da wata goma sha ɗaya. Gudawa ta kama ta tun a hanya, ta lafa, ta dawo. Da sanyi ya shigo sai zazzaɓi ya haɗu da ita. Dare huɗu tana kuka. A na huɗun ne matar da ke bayan bargonmu ta ce, da muryar da ta tabbata zan ji, “Wai ba za a rufe wa yarinyar nan baki mu runtsa ba?” Dare na biyar kowa ya yi barci. Da asuba na wanke ta, na sa mata rigar da na ɗinka don ranar da za ta fara tafiya. Maigida ya ɓalle murfin akwatinmu ɗaya ya yi mata makara, don katako a wannan fili ya fi nama tsada.

Surukata ta riƙe hannuna a bakin kabari ta ce, “'Yata, faɗi abin da Ayuba ya faɗa. Ubangiji ne ya bayar, shi ne kuma ya karɓa.” Na ce, “Inna, rabin farko zan iya.” Ba ta matsa min ba.

Sai na faɗa muku abin da ke cina a rai, tunda na yi alkawarin ba zan yi wa tarihin nan kwalliya ba. Lissafi nake yi da Allah. Mu 'yan Menonait ba ma ɗaukar makami, ba ma rantsuwa, ba ma yi wa jariri baftisma sai ya girma ya furta da bakinsa. Kan haka aka kori kakanninmu daga wuri zuwa wuri tun zamanin Menno Simons, shugaban addinin da muka ci sunansa. Sarakunan Rasha sun ba mu takarda cewa ba za a ɗauki 'ya'yanmu soja ba, sai ga dokar 1874 ta ce kowane saurayi sai ya yi. Sarki har Janar Totleben ya aiko ya lallashe mu, aka ce samarinmu su yi aikin gandun daji a maimakon bindiga. Da yawa sun yarda sun zauna, cikinsu har da yayata. Mu wajen dubu 18 muka fita a shekarun nan, wasu Amurka, wasu Manitoba ta Kanada. Ni ina da maza uku, saboda su na yarda na bar kabarin uwata. Shi ne nake cewa: Ubangiji, na kawo maka uku don kada su zubar da jini, sai ka karɓi wadda ba wanda zai taɓa kiranta yaƙi? Ina buɗe Littafi Mai Tsarki, ina rufewa. Ranar Lahadi ana waƙa a tsakiyar gidan, bakina na motsi, ba sauti.

Matar bayan bargo kuwa, na daina ganinta. Mu haɗu a bakin rijiya, in dubi guga. Mu haɗu wajen tsintar busasshen kashin shanu, wanda shi da murɗaɗɗiyar ciyawa ne makamashinmu, in canza hanya. Fushin wanda ba ya duka shiru ne, kuma na iya shi sosai.

Sai dattijon ikilisiya ya sanar da jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da Yesu. A wurinmu ba a zuwa teburin da gaba a zuciya, kuma bayan gurasa da ƙoƙo akwai wankin ƙafafu, maza gefe guda, mata gefe guda, kowa da wanda ke kusa da shi. Na yi niyyar in ce ba ni da lafiya. Surukata ta ce, “Tashi ki ɗaura kallabinki.” Har yau ina zargin ita ta shirya zaman, don ina waigawa na ga wadda ke gefena.

Ita ta fara durƙusawa. Ruwan kwanon ya huce, hannunta na rawa. Ta wanke ƙafata ta dama, ta kama ta hagu, sai ta kifa goshinta a gwiwata. Ta ce a hankali, “'Yar'uwa, tun ranar ban yi barci ba.” Da na durƙusa nawa juyin, na ga dugaduganta sun tsage har jini, ga yatsu biyu sanyi ya baƙanta su. Ashe takalminta ta ba 'yarta, ita tana fita cikin dusar ƙanƙara da tsumma a ƙafa. Gadonmu bai fi taku uku tsakani ba, ban sani ba. Ba zan ce na yafe nan take ba. Na dai goge mata da tawul a hankali, da dare kuma na tura mata man shanu ta ƙarƙashin bargo.

Da bazara muka koma gonarmu. Muka buga tubali da laka da ciyawa, muka gina tanda a tsakiyar gida irin ta Rasha, wadda ke gasa burodi ta kuma ɗumama ɗakuna. Yanzu ina jin ana cewa mu muka kawo jar alkamar da ta arzuta Kansas. An kawo iri, gaskiya ne, amma ta ɗauki shekaru kafin ta karɓu, masu injin niƙa ma cewa suke ta yi tauri. Mu dai fate-faten masara muka sha.

Wata rana ina kai wa maigida abinci, garma ta tono kan kibiya na dutse. Babban ɗana ya ɗauka yana murna. Daga baya muka ji cewa mutanen Kaw ko Kansa, 'yan asalin ƙasar, waɗanda jihar ma sunansu ta ci, a 1873 aka tashe su daga Council Grove aka kora su kudu, shekara guda tak kafin zuwanmu. Na ce, “Maigida, ashe filin nan da masu shi.” Ya ce, “Da kuɗinmu muka saya.” Na ce na sani. Ya ci abincinsa bai ƙara magana ba, ni kuma na jefa kibiyar cikin akwatin da ba shi da murfi. Tana nan har yanzu. Na sake fito da ita a 1917, ranar da takardar kiran soja ta zo wa jikana, amma wannan sai mun kai wurin.

Mako mai zuwa: gobarar ciyawa, da wasiƙar farko daga yayata.