Masu Gida a Layin Neman Aiki

Duk ɗan Najeriyar da ya sauka birnin Winifeg na Kanada, shawarar farko da zai ji ta sanyi ce: sayi rigar kirki, kada ka tsaya jiran bas kunne a buɗe a watan Janairu, lokacin da sanyi ke kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili. Ta biyun da murya ƙasa-ƙasa ake ba da ita: kada ka kama haya a arewacin gari, unguwar "mutanen nan" ce. Mutanen nan su ne 'yan asalin ƙasar, Cree da Anishinaabe da Métis da sauransu, waɗanda kakanninsu ke zaune a wannan ƙasa tun Bature bai san da ita ba. Ƙidayar 2021 ta nuna sun haura 100,000 a birnin da kewayensa, babu wani birni a Kanada da ya kai shi yawansu. Wannan shawara ta biyu na daina barin ta wuce a gabana ban tanka ba, kuma wurin aiki ne ya ba ni hujja.

Shigata gari ba ta bambanta da ta kowa ba. Ofishin Manitoba Start ya taimaka mini gyara takardar neman aiki, a masallacin titin Waverley na san mutane, daga baya na samu aiki a wata masana'antar tagogi da ƙofofi, har aka ba ni kula da wani sashe.

Ma'aikata sun yi mana ƙaranci, sai kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da wata cibiyar samar da aiki da 'yan asalin ƙasa ke gudanarwa da kansu. Irin waɗannan cibiyoyi sanannu ne a garin. Akwai CAHRD, wadda ke cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa a titin Higgins, inda mutum zai ƙarasa sakandare, ya koyi sana'a, ya ajiye yaransa a wurin reno, duk a gini ɗaya. Tun 2019 gwamnatin tarayya ke ba da kuɗin horon ta shirin ISET, wanda ke miƙa kuɗin ga ƙungiyoyin mutanen su tsara abin da ya dace da jama'arsu, maimakon wani ya zauna a Otawa ya yanke musu.

Sharaɗin farko da cibiyar ta gindaya ya burge ni: kafin su turo mutum ko ɗaya, mu masu kula da sassa za mu fara zama aji. Wata dattijuwa ce ta zo, an miƙa mata ƙullin taba bisa al'adarsu ta neman ilimi a wurin babba. Ta yi mana bayanin makarantun kwana da gwamnati da coci-coci suka riƙa kwashe yara zuwa cikinsu, kimanin yara 150,000, ana dukansu in sun yi magana da harshen iyayensu. Na ƙarshensu ba a rufe su ba sai a shekarun 1990. Ita ma a can ta tashi. Ta ce yaron da aka raba da uwarsa yana ɗan shekara shida, a ina zai koyi renon nasa? Hukumar Gaskiya da Sasantawa, wadda ta binciki waɗannan makarantu, ta fitar da kira 94 a 2015, na 92 kan 'yan kasuwa yake: su buɗe ƙofar aiki da horo, su kuma koya wa ma'aikatansu wannan tarihi. A zaman na ji cewa ruwan famfon da nake alwala da shi daga tafkin Shoal yake zuwa, al'ummar Shoal Lake 40 da ke bakinsa kuwa sun shekara 24 sai sun tafasa ruwa kafin su sha, har zuwa 2021.

Duk wanda aka turo mana yana da jami'a mai bibiyarsa. Ita ke nemo masa takalmin aiki da katin bas, ta taimaka masa fitar da katin shaida in babu, ta kuma zauna da mu kafin ganawar ɗaukar aiki. Ta gaya mana kada mu ɗauki sunkuyar da kai a matsayin rashin gaskiya, kuma tambayar "faɗa mana abin da ka fi kowa iyawa" za ta ƙulle bakin da yawansu. Nan na gane su sarai, domin ni ma a gidan da ake cewa yabon kai jahilci na tashi, kuma tambayar ta sha kayar da ni. Muka sauya tsari: a ba mutum ma'auni da sukurdireba ya gwada a gabanmu.

Wani matashi a sashena daga wata al'umma yake a arewacin lardin Manitoba, inda sai jirgin sama ke kai mutum, in ban da lokacin hunturu da ake bin hanyar ƙanƙara. Kakarsa da ta raine shi ta rasu. Hutun rasuwa a takardar kamfani kwana uku ne, wanda ko tafiya da dawowa da kyar zai isa, balle zaman makokin da sukan yi kwanaki ana yi. A da, irin wannan yaro tafiya kawai zai yi, a rubuta ya gudu daga aiki, a ƙara da cewa ai dama ba sa jimiri. Wannan karon jami'ar ta riga ta sa maganar makoki a yarjejeniya. Ya tafi, ya dawo, na yi masa ta'aziyya yadda muke yi, na ce masa, "Ƙanena, ya haƙuri?" Yanzu shi ke koya wa sababbi yankan gilashi.

Ba kowane kamfani ke yin abin da gaske ba. Wasu sukan buɗe taro da ambaton cewa a ƙasar Yarjejeniya ta Ɗaya suke, wato wadda gwamnati ta ƙulla da 'yan asalin yankin a 1871, su ɗauki hoto da dattijo, amma ka leƙa ɗakin aikinsu ba za ka ga ɗan asalin ƙasa ko ɗaya ba. Wasu su ɗauka, su bar mutum shi kaɗai da habaicin abokan aiki har ya gaji ya ajiye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jin habaicin daga bakin baƙi irina, wai komai kyauta ake ba su, ba sa biyan haraji. Sassaucin harajin ya fi shafar kuɗin da ɗan asalin ƙasa mai rajistar gwamnati ya samu a keɓaɓɓiyar ƙasar al'ummarsa. Wanda ke aiki tare da ni a masana'anta ana cire masa haraji kamar yadda ake cire mini.

Mu ma mun ci moriyar yarjejeniyar kamfaninmu da cibiyar. Jami'ar ta nemi a ware ɗaki inda ma'aikatanta za su yi turaren ganyen da suke addu'a da shi, kamfani ya gyara wani ƙaramin sito ya sa masa mazuƙar hayaƙi. Da na ga haka na tambaya ko mu Musulmi za mu iya sallar Azahar a ciki, maimakon lungun bayan injin. Ita ta shige mana gaba wurin manaja. Mun raba lokaci, su da safe kafin a tayar da injina, mu a hutun rana, kuma jadawalin na manne a jikin ƙofa. Wata mai zuwa cibiyar za ta turo sabon rukuni, an ce biyu daga cikinsu sashena za su zo.