Ni da 'ya'yan ƙuduji

Da na je gida Garwa hutun sallar layya, Goggo ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke wai wannan karatun naki ba ya ƙarewa ne? Sa'o'inki duk sun yi goyo." Na yi dariya na ce saura kaɗan, Goggo. A raina kuwa lissafi nake: shekara 7 a lise, wato sakandare, har na ci bak, jarrabawar kammalawa, 3 na digirin farko a Jami'ar Ngaundere, yanzu ina shekara ta biyu ta mastas. In Allah ya nufa zan yi dakta, wasu 3 ke nan, in ma an yi sa'a.

Ban gaya mata abin da nake yi kullum ba, don da ta ce asiri aka yi min. 'Ya'yan ƙuduji nake ƙirgawa.

Duk manomin dawa ya san ƙuduji, wasu su ce wuta-wuta. Furensa ja-ja gwanin sha'awa, amma kafin ka gan shi a sama ya riga ya gama tsotse dawar ta saiwa. Ƙwayarsa kamar ƙura take, ba ta kai rabin milimita ba, tsiro ɗaya yana zubar da dubbai, kuma tana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Ba ta tsira sai ta ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. Abin da ya fi burge ni, a saiwar auduga aka fara gano irin wannan sinadari a 1966, alhali ƙuduji ba ya iya kama auduga. Sai ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. Ranar da na karanta haka Baba na tuna, da yake cewa gonar da ta gaji da dawa a ba ta auduga ko gyaɗa ta huta. Bai taɓa shiga aji ba.

Aikin kansa babu wani armashi. In wanke ƙwayoyin da ruwan jabel, wato bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, in ɗauraye, in baza su kan 'yar takarda mai laima cikin faranti, in rufe a wuri mai ɗumi da duhu kusan mako biyu. Sannan in ɗiga musu ruwan saiwa, washegari in sunkuya kan madubin ƙara girma ina ƙirga wadda ta fito da ɗan farin zare da wadda ba ta fito ba. Faranti 60. Kafin la'asar wuyana ya ƙage, idona na ganin ɗige-ɗige har a bango.

Zagayen farko gaba ɗaya ya lalace, kuma laifina ne. Sauri nake in samu motar komawa gari daga Dang, inda jami'armu take, na rage mintocin wankin. Bayan kwana 9 na buɗe, farar funfuna ta lulluɓe komai. Na kai wa malamina ina rawar murya. Bai ɗaga kai sosai ba, ya ce, "Kin rubuta a littafinki minti nawa kika wanke?" Na ce a'a, Malam. Ya ce to wannan ya fi funfunar ɓata masa rai. Na koma ɗaki na sha kukana, na sayi sabon littafi na sefa 500.

Ga kuma Turanci. Da Faransanci muka yi karatu tun daga firamare, sai ga kusan duk takardun binciken da nake bukata da Ingilishi. Shafi ɗaya yakan cinye min dare, ƙamus a waya, shayi ya huce. Lissafin ƙididdiga da na raina a aji biyu ma ya dawo yana karɓar bashinsa.

Makon jiya Baba ya aiko min da ƙasar gonarsa ta bakin kogin Binuwai cikin gwangwanin madara, ta hannun direba. Saƙon da ya haɗo da shi: "A ce wa Uwata ta duba min ko 'ya'yan abin nan nawa ne a ciki." Na tankaɗe ta jiya. Gobe da safe zan fara ƙirga.