Daga Chicago Zuwa Kansas: Gonaki Ba Iyaka, Manoma Kaɗan

Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka yi hayar mota a Chicago, ƙarshen watan Satumba, daidai lokacin da kaka ke kamawa a tsakiyar Amurka. Uku 'yan Najeriya, ɗaya ɗan Maraɗi, dukanmu 'ya'yan manoma da karatu ya kawo ƙasar nan. Dogayen benaye mun gan su har sun ishe mu, abin da muke so shi ne mu ga inda abincin ƙasar ke fitowa. Uwargidan babbanmu ta cika mana roba da dambun nama, kuma Allah ya saka mata, domin a jihar Iowa aladu sun ninka mutane sau da yawa, sai ka yi da gaske kafin ka sami naman da hankalinka zai kwanta da shi.

Muka nufi yamma, muka tsallake kogin Misisipi kusa da Davenport a kan babbar hanya mai lamba 80. Daga nan masara ta karɓe mu, dama da hagu, ta bushe ta yi ruwan ƙasa tana jiran inji. Tsakanin gonakin ga manyan fankokin lantarki suna juyawa, waɗanda ke ba jihar fiye da rabin wutar da take samarwa. Iowa ce kan gaba wajen noman masara a Amurka, amma kaɗan ne daga cikinta ke shiga bakin ɗan Adam kai tsaye. Mafi yawa dabbobi ake ba, ko a tace ta a yi itanol a gauraya da fetur. Ɗan Maraɗi ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce, "Yallaɓai, yanzu duk wannan tuwon mota ce za ta sha?" Babu wanda ya yi dariya.

Mun ratse arewa zuwa Cedar Rapids saboda wani ɗan masallaci fari mai koren ƙubba, wanda baƙi daga Siriya da Labanon suka kammala a 1934. Shi ne masallaci mafi daɗewa da ke tsaye a Amurka cikin waɗanda tun asali aka gina su don salla. Ambaliyar 2008 ta shiga ɗakinsa na ƙasa ta lalata takardu, aka gyara. Ƙanƙantarsa ce ta taɓa ni. Talakawa ne 'yan koli da ma'aikata suka tara kuɗinsa, a shekarun da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, a garin da ƙanƙara ke rufe ƙofa da hunturu. Na yi musu addu'a da zuciya ɗaya.

Des Moines wucewa kawai muka yi. A Omaha ta jihar Nebraska, bayan mun haye kogin Missouri, mun tsaya a filin da gidan iyayen Malcolm X, Musulmin nan mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, yake, garin da aka haife shi a 1925. Gidan babu shi yanzu, sai allon tarihi.

Yammacin Omaha ƙasa ta buɗe. Hanya na bin kogin Platte, mai faɗi marar zurfi, bishiyoyi na raguwa, iska kuwa ba ta hutawa, har sai da muka danne dardumar salla da takalma a wajen hutun matafiya. Nan muka fara ganin dogayen bututun ban-ruwa masu tayoyi, kowanne na zagaya gona a hankali yana yayyafi, shi ya sa idan ka leƙo daga jirgin sama za ka ga gonakin a da'ira. Ruwan daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, daga taskar da ake kira Ogallala, wadda ta shimfiɗu a ƙarƙashin jihohi takwas.

A Grand Island muka bar babbar hanya muka yi kudu, muka shiga Kansas. Kusa da ƙauyen Lebanon akwai ɗan ginin dutse da tuta, alamar cibiyar jihohi 48 da ke haɗe da juna. Ƙauyen bai kai mutum 300 ba. Shaguna a rufe, titi fayau, rumbun hatsi na siminti ya fi komai tsawo a garin. Haka muka riƙa tararwa ƙauye bayan ƙauye.

Sai ga dawa! Jajayen zangarniya har iyakar gani. Babbanmu ya taka birki, muka fito kamar an yi mana albishir. Gajeriya ce, da kyar take kai ƙugu, an gyara irinta ne domin inji ya iya yanka, ba kamar tamu da ke shanye mutum ba. Kansas ce ta fi kowace jiha noma ta, kuma asalinta daga Afirka ne. Wani dattijo mai gonar ya tsayar da motarsa ya tambaye mu ko lafiya. Da muka gaya masa da wannan hatsin aka yaye mu, da tuwo da kunu, sai ya cire hula yana mamaki, don shi bai taɓa ɗanɗana ta ba. Shanu ake ba, saura a loda zuwa Sin. Ya ce yana shuka ta ne saboda tana jure fari, kuma can yammacin jihar rijiyoyi na ja da baya, ana zuƙar ruwan fiye da yadda sama ke mayarwa. Kakansa ya ga guguwar ƙura ta shekarun 1930, lokacin da aka yi wa ciyawar daji huɗa fiye da kima, fari ya zo, iska ta kwashe ƙasar noma. Shi da ɗan aiki ɗaya ke noma filin da a wajenmu zai riƙe gari guda. 'Ya'yansa suna Wichita da Denver, babu mai niyyar dawowa.

Filin nan ma ba a tarar da shi babu kowa ba. Ƙasar 'yan asali ce, irin su Pawnee, aka tashe su, aka karkashe ɓaunayen da suke rayuwa a kansu, sannan wata dokar gwamnati ta 1862 ta riƙa ba kowane mai zuwa eka 160. Cikin masu zuwan har da baƙaƙen fata da suka fito daga bauta, waɗanda suka kafa garin Nicodemus a 1877. Mun je can da la'asar. Coci, tsohuwar makaranta, da 'yan gidaje da ba su taka kara sun karya ba, amma zuriyarsu na taruwa duk shekara daga ko'ina.

A hanyar komawa gabas zuwa Kansas City gardama ta kaure. Ɗaya daga cikinmu ya ce da za a kai wa Arewa waɗannan injuna, da yunwa ta zama labari. Na yarda muna bukatar iri mai kyau, da rumbunan da ƙwari ba sa shiga, da hanyar kai amfani kasuwa, kuma har zuciyata ina kishin abin da na gani. Sai dai na tambaye shi: idan mutum biyu suka noma gonakin ƙauyenmu duka, sauran dubban ina za su? 'Ya'yan dattijon nan sun tarar da aiki a birni. Namu Kano za su shiga, ko Maraɗi, su tarar da waɗanda suka riga su suna zaman jiran aikin. Ya ce to a gina masana'antu tukuna. Ɗan Maraɗi ya ce shi ruwan ne damuwarsa, don ya ga rijiyar garinsu tana ƙara zurfi tun yana yaro. Har muka wuce Topeka ba mu daidaita ba.