Inda alƙalamin Prison Break ya fara karkacewa

Zangon farko na Prison Break, wanda tashar Fox ta Amurka ta fara haskawa a 2005, ya tsaya ne a kan abu uku: katanga, agogo da tsari. Katangar ita ce gidan yarin Fox River. Agogon shi ne ranar da za a ɗora Lincoln Burrows kan kujerar lantarki. Tsarin tserewa daga gidan yarin kuwa yana zane a fatar ƙaninsa Michael Scofield, kuma mai kallo yana ganin kowane mataki da idonsa.

Dubi yadda ake gina kashi guda. Michael na buƙatar shiga ɗakin magani kullum, sai ya yi ƙaryar ciwon suga, ya nemo ƙwayar da za ta sa gwajin jininsa ya gaskata shi. Yana buƙatar kwance masai na ɗakinsa, sai ya ciro ƙarfe daga bencin filin motsa jiki ya yi ta goga shi har ya zama makulli. Buƙata ɗaya, cikas ɗaya, mafita daga abin da aka riga aka nuna maka. In aka sauya bututu, tsari ya rushe, dole a biya farashi. Har yatsun ƙafa biyu Michael ya rasa.

Da fursunoni takwas suka haure katanga a kashi na 21, abu ukun nan suka tafi tare. Zango na biyu ya sha da ƙyar saboda Mahone, jami'in FBI mai farautarsu da kansa ke ja daidai da na Michael. Na uku ya mayar da su kurkukun Sona a Panama, babu zane, babu shiri, ga yajin aikin marubutan Hollywood na 2007 zuwa 2008 ya datse shi a kashi 13.

Ɓarnar gaske a wajen mutuwa take. An nuna kan Sara, likitar Fox River kuma masoyiyar Michael, a cikin akwati a zango na uku, a na huɗu ta dawo da ranta, wai kan wata ce. Kellerman, jami'in sirrin da aka ɗauka an kashe, ya dawo. Mahaifiyar Michael ma ashe tana nan. Shi kansa Michael, da aka binne a 2009, ya ɓullo a wani kurkukun Yaman a 2017. Marubuci kan yi haka ne idan farin jinin jarumi ya fi masa dokar labarinsa nauyi, kuma daga nan bindiga a goshin kowa ba ta ƙara tayar wa mai kallo da hankali.

Zango na huɗu kam ko batun kurkuku babu. Farautar katuna shida na Scylla, wata ma'ajiyar bayanan sirri, ake yi, da wata ƙungiyar asiri da ke iya komai a duk lokacin da marubuta suka shiga lungu. T-Bag, ɗaya daga fursunonin da suka tsere, da Mahone suna sauya ɓangare kamar riga, ba don halinsu ya kai su ba, sai don kashi na gaba yana neman abin mamaki kafin talla.